Yawon da muka sha a Kuala Lumpur ranar Asabar

Salam Yaya, ina wuni, ya gida ya su Hajiya da yara? Ka ce in riƙa ba ka labarin garin nan ba hoto kawai ba, to ga shi. Wata biyar ina Maleshiya daga aji sai ɗaki, sai shekaranjiya Asabar wani abokina ɗan Zariya ya ce wallahi yau sai na fita na ga gari.

Da sassafe muka je KL Sentral, babbar tashar jiragen ƙasa, muka hau jirgi zuwa Batu Caves. Kati ɗaya ne sunansa Touch 'n Go, ka zuba masa kuɗi ka ɗora a ƙofa ta buɗe, ba kwandasta ba rigimar canji, kuɗin ma bai kai ringit 3 ba. Har da taragon mata zalla, na ce da Hajiya ta gani da ta sa musu albarka, ka san yadda take faɗa in aka matse ta a Adaidaita. Batu Caves ɗin kogo ne cikin dutse, wurin bautar Indiyawa 'yan Hindu, matakala 272 an shafe su da fenti kala-kala, a ƙofa ga wani mutum-mutumi mai ruwan zinare ya fi mita 42. Mu dai kallo ya kai mu. Ban kai rabi ba na fara haki, ga zafin nan nasu mai gumi ba irin namu mai busar da fata ba, ga birai kamar 'yan daba, ɗaya ya fizge min ledar ayaba ina ji ina gani.

Azahar a Masjid Jamek muka yi, tsohon masallaci ne tun 1909, yana daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu. Maganar sallah kam sun huta Yaya, duk mol da tasha akwai ɗan masallaci da suke kira surau, famfon alwala na zuba, ba sai ka nemi buta ko ka sayi fiya wata ba.

Amma fa kasuwa ce ta fi ɗaukar min hankali, saboda wayar da ka ce in duba maka. Mun shiga Low Yat Plaza, hawa-hawa duk wayoyi da kwamfuta, wato Farm Centre ce aka saka mata AC da matakala mai tafiya da kanta. Na duba irin wadda kake so na buga lissafi da canjin yau, bambancin bai taka kara ya karya ba, in ka haɗa da kuɗin aikowa gara ka saya a Kano, aƙalla in ta ba da matsala ka san shagon da za ka koma. Daga nan Petaling Street, unguwar 'yan Chana, agogo jaka takalmi duk jabu kuma ba a ɓoyewa. Wani ya ce min agogo ringit 150, na ce Allah sarki bai san jikan 'yan Kwari ba ne, na taya 30, ya riƙe kai, na juya zan tafi ya kira ni a 40. Jiya da safe na tashi ya tsaya cak. To wa ya ci wani?

Yadi kuwa kar ma a fara. Na zaga Jalan Masjid India, mayafai da hijabai masu kyau da sauƙi, zan riƙo wa Anti, amma shadda ko atamfa mai nauyi irin ta Kantin Kwari ban ga ko ƙyallinta ba.

Abinci akwai araha in za ka ci nasu. Mun zauna a shagon mamak, Indiyawa Musulmi ke nan, wasu ba sa rufewa dare da rana, na ci roti canai, wani irin burodi mai faɗi da ake toyawa, da teh tarik, shayi ne da madara ana ɗaga shi sama ana zubawa kamar yadda mai shayin bakin layinmu yake yi, sai dai ba ƙwai da burodi mai kauri. Abinci da yawa da tambarin halal ba ka fargaba. Matsalar su sukari, har miya sai ka ji zaƙi-zaƙi, naman shanu kuma yawanci daskararre ne daga waje, ba ya ko kama ƙafar tsiren Sabon Gari. Manja ja ma sai ka je shagunan 'yan Afirka a Chow Kit, a ƙasar da ko'ina gonar kwakwar manja ce!

La'asar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ina jira a ɗauke wuta irin na gida, ko ƙyaftawa ba ta yi ba, bayan awa ɗaya titi ya tsane. Magariba muka isa Petronas, tagwayen benayen nan masu hawa 88, tsawo kusan mita 452. Ba mu hau ba, tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada sosai, muka tsaya a lambun ƙasa muka sha hoto kyauta, Grab, tasin da ake kira ta waya, ya maido mu gida.

Don Allah in ɗan Kawu zai taho wata mai zuwa a haɗo min kilishi, yaji, kuka da daddawa, daddawar a ɗaure ta leda uku saboda filin jirgi. A gaida Hajiya, ka ce mata ban rame ba.