Sharhi: rabin yini da ɗan jagora a Sarnath

Jinyar yayana ce ta kai ni Indiya, da ya samu sauƙi kuma sai na ɗauki kwana biyu na shiga jirgin ƙasa zuwa birnin Baranasi (Varanasi). A masaukina aka haɗa ni da wani kamfanin yawon buɗe ido, na biya rupi 2,000 suka ba ni ɗan jagora da adaidaita sahu (irin namu sak) zuwa Sarnath, kimanin kilomita 10 daga gari.

Abin da na sani kafin in je bai wuce cewa a nan Budda, wanda ya kafa addinin da ake kira da sunansa, ya fara yi wa abokansa biyar wa'azi ba. Jagoran ya fara kai ni gaban Dhamek, wani ƙaton gini mai kama da rumbu, tsayinsa ya haura mita 40, an gina shi wajajen shekara ta 500 Miladiyya. Masu ziyara daga Tailan da Siri Lanka suna ta zagaye shi cikin fararen kaya, ni kuwa na koma inuwa ina kallo, tunda tarihi na je gani.

Inda kuɗina suka yi amfani shi ne wajen guntun ginshiƙin Sarki Ashoka. Da ni kaɗai ne da na wuce shi, domin karyayyen dutse ne kawai a killace. Mutumin nan ya tsaya ya warware mini: Ashoka jikan Chandragupta ne, wanda ya kafa daular Maurya, fadarsu tana Pataliputra, wato Patna ta yau. Wajajen shekara ta 261 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya ci ƙasar Kalinga da yaƙi, kuma shi da kansa ya sa aka sassaƙa a dutse cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000, yana nadama. Sarki ya rubuta laifinsa a inda ruwa ba ya wankewa! Amma rubutun Sarnath ba na nadama ba ne, gargaɗi ne: duk mai zuhudun da ya raba kan jama'ar Budda, a sa masa fararen kaya a fitar da shi daga cikinsu. Na ce ashe ko bayan tuba sarauta tana nan da sandarta. Jagoran ya yi dariya, ya ƙara da cewa sai a 1837 wani Bature, James Prinsep, ya gano yadda ake karanta wannan tsohon salon rubutu da ake kira Brahmi.

Daga nan muka shiga gidan tarihi, inda kan ginshiƙin yake: zakuna huɗu sun ba juna baya, dutsen yana sheƙi kamar jiya aka goge shi. Su ne tambarin Indiya tun 1950, suna kan kowace takardar rupi da ke aljihuna. Akwai kuma mutum-mutumin Budda na zamanin daular Gupta, ƙarni na 5, wanda na so in daɗe a gabansa.

Sai dai nan ne jagoran ya ɓata rawarsa da tsalle. Minti 20 kacal ya ba ni, yana ta duban agogo, wai za mu makara. Ashe shagon siliki yake son kai ni, inda ga dukkan alamu yana da la'adarsa. Kusan awa ɗaya ana ta baje mini zannuwan matan Indiya da ake kira sari, ni da ban zo da kuɗin tsaraba ba. Da na tambaye shi yadda addinin Budda ya ja baya a ƙasar haihuwarsa har Hindu ya rinjaya, sai ya ce labarin da tsawo.

Zan sake ɗaukarsa, amma tun a mota zan faɗa masa babu shago, kuma awa guda nake so a gidan tarihin. Wanda zai je ya lura, ranar Juma'a gidan tarihin a rufe yake.