Tuwonsu ya yi, amma tarbar mutane sai a hankali

Jiya bayan Magariba na sake komawa wani gidan abinci da ke wajen Zoo Road a nan Kano, zuwa na huɗu kenan, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani. Ta ɓangaren abinci kam ba ni da ta cewa, tuwon shinkafa da miyar taushensu ya yi, kabewa ta ji, ba sa ƙwauron nama, wurin kuma tsaf ga fanka tana juyawa ko an ɗauke wuta saboda sola suka saka.

Matsalar ita ce mu'amala. Ka yi sallama babu mai amsa maka, yarinyar da ke kan kanta, wato teburin karɓar kuɗi, idonta na kan waya, sai dai ka ji "me za a ba ka" ko kallonka ba ta yi ba, in an kawo abincin kuma a dangwarar da faranti har miya ta fantsalo maka a riga. Zuwana na biyu na yi tiransifa, alat ya ƙi shigowa, ta tsare ni a bakin ƙofa kusan minti 20 kamar wanda ya yi sata, wallahi ranar raina ya ɓaci sosai.

Jiya ne da na zauna kusa da kanta na fahimci wani abu. Wani mutum da babbar rigarsa ya dinga buga tebur yana "ke! ke kurma ce?", manaja ya fito, maimakon ya ba da haƙuri a wuce wurin sai ya hau yarinyar da faɗa a gaban kowa. Da aka lafa na ce mata ƙanwata sannu da aiki, ta ɗago kamar ba da ita nake ba, sannan ta ce yauwa yaya, na gode. A nan take gaya min tun 8 na safe take tsaye sai 11 na dare, faranti ya fashe a albashinta za a cire, wani ya nuna alat na bogi ya tafi shi ma a albashinta. Ashe abin da ya sa ta tsare ni kenan.

Mu ma masu zuwa cin abincin da fushinmu muke shiga. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024, mutum ya yi cacar baki da mai adaidaita kan kuɗin mota, ya sha cunkoso, ya zo ya tarar kuɗin faranti ya ƙaru, sai ya sauke a kan wadda ba ta isa ta rama ba, ita kuma ta sauke a kan na bayansa. Albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, irin waɗannan yaran ba su ciki. Ga kuma raini, wasunmu da zarar sun biya kuɗi gani suke har da mutuncin mai kawo abincin suka saya, alhali a gida an koya mana ko almajiri ya yi sallama a amsa masa.

Ban ce uzuri ba ne fa, amsa sallama ba ya cin ko sisi, kuma akwai wata dattijuwa mai tuƙa tuwo a baya da ta fi kowa shan zafin wuta amma duk fitowarta sai ta ce sannunku da zuwa.

Tauraro 3 cikin 5 na ba su. Mai wurin don Allah ka raba musu aiki kashi biyu, ka daina cire asarar alat a albashinsu, manaja kuma ya riƙa yin faɗansa a ciki. Mai son zuwa ya je tsakanin Azahar da La'asar lokacin ba cunkoso, kuma ya riƙe tsabar kuɗi.