Hattara da masu tallar injin ƙyanƙyasa haɗe da "ƙwan Brahma" a intanet

Jama'a masu sha'awar kiwon kaji, musamman iyayenmu mata da ke kiwo a cikin gida da matasan da ke neman abin yi, akwai wata damfara da ta yi kaka-gida a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Tana cin mutane shiru, domin yawancin waɗanda aka cuta sukan ɗauka su ne ba su iya ba.

Ga yadda take. Za ka ga bidiyon 'yan tsaki suna ta tsuwwa a cikin inji, sai hoton wani ƙaton zakara mai gashi har ƙafa. A ce maka injin ƙyanƙyasa ne mai aiki da wuta da sola, za a haɗa maka da kiret ɗin ƙwan Brahma ko na wata kazar waje, kuma "duk za su fashe, in sha Allah". Wasu har da alkawarin za su dawo su sayi 'yan tsakin da tsada. Sai a ce ka tura kafin alƙalami, ragowar in an ba direba kaya a tasha. Mai gaggawar cikinsu yana ganin kuɗi ya shiga zai toshe lambarka, shi ke nan. Wannan ma mai sauƙi ne, ka san inda ka kwana.

Wanda ya fi haɗari shi ne mai turo kayan. Inji zai iso, ƙwai zai iso. Jarinsa guda ɗaya ne: kwana 21 da ƙwan kaza ke ɗauka kafin ya fashe. Mako uku kana jira, kana ƙona fetur a janareto, shi kuwa yana ta karɓar kuɗin wasu da hoton da ka tura masa na godiya. Ranar da ka kira ka ce ko ɗaya bai fashe ba, amsarsa a shirye take. "Hajiya, kin cika buɗe injin ne." "Alhaji, ai NEPA ce ta kashe maka su." "Ba ka zuba ruwa daidai ba." Tunda kowa ya san an ɗauke wuta a cikin makonnin nan, sai mutum ya yi shiru ya haɗiye.

Alhali sau da yawa ƙwan da aka turo ƙwan ci ne, irin na kiret da ake sarowa a kasuwa. Kajin gidan gona masu ƙwai ba a haɗa su da zakara, kuma kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai. Irin wannan ko shekara ya yi a inji babu abin da zai fito. Sai a shafa masa ɗan kashin kaji, a rubuta kwanan wata da fensir, ya zama "ƙwan iri".

Ko da ƙwan na gaske ne, ku tambayi yaushe aka yi shi. Ƙwan ƙyanƙyasa yana fara rasa ƙarfi in ya wuce mako guda a ajiye, kuma wuri mai sanyi yake so, tsininsa na kallon ƙasa. To ina ga wanda ya wuni a bayan mota cikin zafin watan Afrilu, yana shan girgiza tun daga kudu har Kano ko Sakkwato? Zafi zai tayar da ɗan tayin a hanya, ya mutu kafin ya iso hannunka.

Abin da zai karya wannan damfarar shi ne kada ka yarda ka jira kwana 21. Ranar da ƙwan ya iso, ɗauki biyu ko uku ka fasa a faranti, ka dubi gwaiduwar. Akwai ɗan farin tabo a kanta. In zakara ya hau kazar, tabon yakan yi faɗi, zagayayye, da zobe a gefensa. In babu zakara, ɗan ɗigo ne ƙarami mara siffa. Sannan a kwana na 7 ka shiga ɗaki mai duhu, ka ɗora ƙwan a bakin tocilar waya. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Wanda ya yi zoben jini ya fara ne ya mutu. Wanda haske ya ratsa shi tas, galibi babu komai a ciki tun asali, kuma in kiret guda duk haka yake, babu ruwan NEPA a wannan magana. Ka ɗauki bidiyo nan take.

Shi ma injin kada a yarda da lambar da yake nunawa. Akwai waɗanda akwati ne kawai da ƙwan fitila da fanka, allon yana nuna 37.5 ko cikin ya yi sanyi ko ya yi tafasa. Je kemis ka sayi ma'aunin zafin jiki, ka kunna injin babu ƙwai wuni da kwana, kana aunawa a tsakiya da kusurwoyi. Abin da ake so digiri 37.5 ne ko kusa da shi sosai. Ya haura 39 ya daɗe, ya dafa maka tayi. Danshi kuma kashi 50 zuwa 55 cikin 100, a ƙara shi zuwa wajen 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe, lokacin da ake daina juya ƙwai daga kwana na 18. In an ce injin yana juyawa da kansa, zauna ka gani da idonka. Mai sayarwar da bai iya faɗa maka waɗannan ba, ko ya kasa cewa awa nawa batirin ke ɗauka, bai taɓa ƙyanƙyashe komai ba.

Akwai kuma gwajin da ba ya cin kuɗi. Zuba wa injin ƙwan kajin Hausa na gidan da ka san akwai zakara, shi kuma ƙwan da aka turo ka sa kaɗan a ƙarƙashin kaza mai kwanci. Nan za ka gane wanne ne mai laifi, injin ko ƙwan.

Batun "duk za su fashe" kuwa, ko manyan gidajen ƙyanƙyasa na Ibadan masu wuta ba ɗaukewa suna fitar da baragurbi. Alkawarin dawowa a sayi 'yan tsaki ma a yi tunani: wanda ke da kasuwar 'yan tsaki haka, me ya hana shi zuba ƙwan a injinsa?

Ni shawarata, kada a biya kuɗin ƙwan iri sai an je an ga iyayen, kaji da zakarunsu a keji ɗaya, ko an aika wanda aka yarda da shi. Bidiyo ba shaida ba ne, na wani ake saukewa. In da hali a nemi likitan dabbobi ko malamin gona na yankinku ya nuna inda ake samun iri mai kyau. A kula da sunan da ke kan asusu, in ya saɓa da na mai shafin, ko yau wannan asusu gobe wancan, a dakata. Wanda kuma abin ya riga ya faɗa wa, ya adana rasit da hirarrakin da lambar wayar, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko EFCC, sannan ya faɗa a zauren da ya ga tallar, domin lambar da ta toshe shi tana can tana amsa wa wani.