Gargaɗi: jabun kilam na haɗa layin ƙaramin jirgin ƙasa na lambu

Masu shimfiɗa layin ƙaramin jirgin ƙasa a lambu, musamman a Ingila da Jamus da Amurka inda wannan sha'awa ta yi ƙarfi, ku yi hattara da kilam (ƙananan mahaɗai masu sukuru da ke ɗaure gaɓoɓin layi biyu wuri ɗaya) masu arha da ake tallatawa a Facebook da wasu shagunan intanet marasa adireshi. Hotunan kayan manyan kamfanoni ake ɗauka a liƙa, a karya farashi, a ce kaya sun kusa ƙarewa. Abin da zai iso hannunka daban ne.

Layi mai faɗin milimita 45, irin na kamfanonin LGB da Piko, tagulla ne, kuma ta cikinsa wutar volt 18 zuwa 24 ke bi ta kai ga inji. Tagulla tana miƙewa da zafi: layin mita 10 yana ƙara kusan milimita 7 da rabi idan zafi ya hau da digiri 40 a ma'aunin Celsius. Wannan kai da komo ne ke sassauta mahaɗin da ake zurawa, ƙasa da ruwa su shige, wuta ta yanke. Shi ya sa ake komawa ga kilam mai sukuru. To, idan kilam ɗin jabu ne, an kashe kuɗi an sayo matsalar da ake gudu.

Jabun iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe da aka yi wa ruwan tagulla; kusanto da maganaɗisu, zai manne nan take, alhali tagulla ba ta kama shi. Na biyun ya fi wuyar ganewa, domin haɗin tutiya ne, maganaɗisu ba ya jan sa. Sai ka goga magagari a ƙasansa: tagulla rawaya ce har ciki, shi kuwa fari zai fito ƙarƙashin fentin. A hannu ma bai kai tagulla nauyi ba, kuma zaren raminsa yakan cinye tun ɗauri na biyu ko na uku. Sukurun da ke zuwa da su ma sau da yawa ƙarfe ne mai tsatsa, damina ɗaya ya cije, ba ya ɗauruwa ba ya kwancewa.

Akwai kuma ha'incin girma. Layin lamba 332 tsayinsa daga gindi zuwa sama kusan milimita 8.4 ne, na lamba 250 kuwa 6.4, gindinsu ba ɗaya ba. Duk mai cewa kilam ɗinsa ya dace da kowane layi, a tuhume shi.

Kada ka sayi ɗari a tashin farko. Sayi biyu, ka gwada. Goge gindin layin har ya yi ƙyalli, shafa ɗan giris mai garin girafait, ɗaure, sa inji ya ja kaya gaba da mahaɗin, sannan ka ɗora wayoyin na'urar auna volt, waya ɗaya a kowane gefen mahaɗin. Mahaɗi mai kyau kusan sifili zai nuna. In ya doshi rabin volt, akwai matsala.

Wurin biya ake kama yawancin mutane. Mai cewa a tura kuɗi kai tsaye asusun banki, ko ta hanyar 'yan uwa da abokai a PayPal, ya san babu kariyar mai saye a nan. Nemi ya ɗauko hoton kilam ɗin a kan takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar, da maganaɗisu a jikinsa. In ya fara kame-kame, rufe cinikin, ka kai rahoton shafin.