Sindbad ko juzu'i na biyu na labarin jirgin ruwa?

Hajiya, kin tambaya wanne za ki saya wa 'yarki, Sindbad ko juzu'i na biyu na labarin jirgin ruwan da ta karanta na farkonsa. Ki saya mata Sindbad. Juzu'i na biyun nan ya jira.

Abin da 'yarki ta faɗa kan na farkon, wai farkonsa ya yi daɗi, tsakiyarsa ta gundure ta, ƙarshensa kuma ya bar ta a rataye, ba daga karatunta ba ne. Haka ake ƙera yawancin waɗannan littattafan matasa na teku da tsafi da ake fassarowa zuwa Faransanci. Babobin farko guguwa ce da taswirar sata da 'yan fashi. Daga nan sai marubuci ya ajiye teku ya koma kan soyayyar jarumar da wani matuƙi, yau fushi gobe shiri, jirgi kuwa yana tsaye. Ƙarshen da gangan ake datse shi don a sayi na gaba, kuma galibi a na gaban soyayyar ce ke ƙaruwa. Abin yabonsu ɗaya: jarumar mace ce, ana kuma jin abin da ke ranta.

Sindbad tafiya bakwai ce, kowace da ƙafarta take tsaye, ana gama ɗaya a zama guda bayan isha'i. Falke ne ɗan Bagadaza a zamanin Halifa Haruna Rashid. Yana sarin kaya, ya gangara Basra, ya shiga jirgi. Yarinyar da ruwan da ta sani shi ne Gulbin Maradi da damina ba sai ta haddace sunan kowace igiyar jirgi ba, fatauci kuwa a gida ta tarar da shi: sari, riba, karyewa, da kayan da aka fid da rai sai ga su da sunan mai su a jiki. A tafiyar farko sun hura wuta kan tsibiri, ashe bayan wani ƙaton kifi ne. A ta biyu ya kwance rawaninsa ya ɗaure kansa a ƙafar ƙaton tsuntsu Rukh, ya sauka kwarin lu'ulu'u inda fatake ke jefa nama daga sama don duwatsun su manne, mikiya ta ɗauko musu. A ta biyar wani tsoho ya haye wuyansa ya ƙi sauka, sai da ya matse inabi cikin gora ya bugar da shi. Kwafin da ke wajena gefen shafukan nan ya yi baƙi saboda yawan hannun da ya ratsa su.

Yana da nasa aibin. Mata ba su da wani matsayi a ciki, kuma zubin kusan ɗaya ne: jirgi ya nutse ko ya tafi ya bar shi, shi kuma ya tsira da dukiya. Ta huɗu ki fara karanta ta da kanki, domin an binne shi da rai tare da gawar matarsa, ya riƙa kashe waɗanda aka sako bayansa yana cin guzurinsu. Bugun yara yakan sassauta wannan wurin.

Kada ki sayi cikakken Alfu Laila, wato Dare Dubu da Ɗaya, da niyyar ta tsinci Sindbad a ciki, akwai batsa a wasu labaran. Ki nemi wanda aka ware shi kaɗai. Fassarar Antoine Galland, wadda ta fito tsakanin 1704 da 1717, Faransancinta tsoho ne mai dogayen jimloli, zai wahalar da 'yar kwalej. Ki duba bango ko an rubuta "texte abrégé" ko "adapté", wato an taƙaita ko an sauƙaƙa. In franko-arab take yi, na Larabci mai wasali ya fi mata amfani.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hankali da wasu masu baza littattafai a ƙasa. Ki duba jerin babobi ki ƙirga tafiya bakwai, don akwai bugun da ya ɗauki kaɗan kawai. Ki bi lambobin shafi, sau da yawa goma sha shida ke ɓacewa lokaci guda tunda haka ake naɗa takardar. Rubutu mai dusu-dusu da baƙin layi a gefe fotokofi ne. Ki buɗe tsakiya sosai, in gam ya yi ƙara to shafuka za su zube kafin zafin Afrilu ya wuce. Wasu kuma sukan liƙa takardar farashi daidai kan "Tome 2", wato juzu'i na biyu, don kada a gane ci gaba ne. Mai neman ki tura masa kuɗi ya ba ki PDF ɗin Galland ta WhatsApp, ki ƙyale shi. Galland ya mutu tun 1715, rubutunsa kyauta yake a intanet.