Daga Jidda: takardun da ke cikin jakar abokiyar aikina

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Inna da yara.

Kin tambaye ni batun kayan masarufi. Shinkafa da kaza ba sa wuya a nan, wuta ba ta ɗaukewa, amma daddawa da kuka sai na je wajen 'yan uwanmu takari, da tsada kuwa. Abin da ya tsaya min a rai daban ne.

A gidan da nake jinyar tsohuwar nan muna tare da wata 'yar Filifin. Ran nan ta zaro wata leda daga jakarta ta baje min a kan gado: kwantiragi da hatimin ofishin ma'aikatan ƙasarsu, da wata takarda da suke ce wa OEC, wadda in babu ita ba mai barin ta ta hau jirgi daga Manila da sunan aiki. Kafin ta yarda da ejan ɗinta sai da ta duba sunansa a shafin intanet na DMW, ma'aikatar da dokar 2021 ta kafa musu don 'yan ci-rani kaɗai. Mai lasisi yana nan a rubuce, wanda aka soke wa ma haka. Kuɗin samo aiki kuwa ko sisi ba ta biya ba, doka ta hana a karɓa daga mai aikin gida. In uban gida ya danne mata albashi, ejan da ya turo ta ma sai ya amsa.

Ba a banza suka samu wannan ba. Sai da aka rataye Flor Contemplacion, mai aikin gida, a Singafo a 1995, ƙasar ta ɗauki zafi, sannan aka yi dokar kare su a shekarar. Yanzu mara lasisin da ya yaudari mutum 3 ko fiye, ɗaurin rai da rai ke jiransa. Duk da haka ta ce mazambata ba su daina ba, sun koma Facebook suna jan mata da bizar yawon buɗe ido.

Ina sauraronta, awakin Inna ne kawai ke faɗo min a rai, waɗanda aka sayar aka ba ejan da ya turo ni nan kuɗin, ko rasit babu, wai aikin asibiti zan yi.

Na ji an ce autarmu ma tana son tahowa. Don Allah kada ta miƙa fasfo ga kowa sai ya nuna lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago, kuma a turo min hoton kwantiragin in karanta tukuna.