Fanka mai caji da muka saya saboda yara

Tun farkon Maris zafin Kano ya fara nuna hali, kuma kowa ya san abin da ke tafe a Afrilu, lokacin da yake haura digiri 40. Yarana uku, autar ko yaye ta ban yi ba. Da an ɗauke wuta cikin dare sai kuka, ga ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da gadon baya. Shi ya sa Abbansu ya shiga Kasuwar Sabon Gari ya sayo mana fanka mai caji, ta tebur, mai zuwa da ɗan faifan sola.

Gaskiya ta share mana hawaye. Idan na bar ta a lamba ɗaya, tana kai mu har kiran asuba. Ba ta da ƙara ko kaɗan, ina jin numfashin yarinyar a gefena. Akwai 'yar fitila a jikinta, da ita nake canza wa auta kaya ba tare da na tashi yayyenta ba.

Amma in aka ƙure ta, kafin tsakar dare ta mutu. Faifan solar ma ƙarami ne, sai ya wuni a rana, kuma dole a riƙa goge masa ƙura. Abin da ya fi damuna shi ne ragar gabanta: tana da faɗi, yatsan yaro zai shige. Na kama na tsakiyan yana zura mata cokali, gabana ya faɗi. Yanzu a kan durowa take kwana.

'Yar'uwa, in za ki saya, ki duba ragar sosai, ki kuma tambayi mai shago ko ana samun batirinta na canji.